Dino Zoff, Golan da Bai San Fashi Ba

A watan Mayun 1979, a wasan ƙarshe na kakar gasar Serie A ta Italiya, ƙungiyar Juventus ta karɓi baƙuncin Avellino a birnin Turin. Kofin shekarar ya riga ya faɗa hannun Milan, don haka Juventus ba ta da abin nema a ranar. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, ƙungiyar tana kan gaba kuma ba a saka mata ko ɗaya ba, sai koci Giovanni Trapattoni ya yi abin da 'yan kallo ba su saba gani ba: ya cire mai tsaron gidansa, ya saka mataimakinsa, Giancarlo Alessandrelli, wanda ya shafe kaka huɗu yana zaman benci ba tare da ya taɓa ƙwallo a gasar ba. Kafin alƙalin wasa ya hura tashi, ƙwallo uku sun shige ta gaban bawan Allah nan, aka tashi 3-3. Bai sake tsare wa Juventus raga a Serie A ba.

Laifin Alessandrelli kaɗan ne. Ƙaddara ce ta haɗa shi ƙungiya ɗaya da Dino Zoff, mutumin da tun zuwansa Juventus a 1972 har ya bar ta a 1983 bai yi fashin wasan gasa ko sau ɗaya ba. Kaka goma sha ɗaya, kowacce wasa 30, jimilla 330 a jere. Idan aka haɗa da wasanni biyu na ƙarshe da ya buga wa Napoli, sun zama 332. A tsawon waɗannan shekaru akwai ranakun zazzaɓi, akwai targaɗe, akwai ranar da mutum zai tashi jikinsa ba ya so. Duk da haka, kowace Lahadi, shi ne a tsakanin turaku. Kafin Alessandrelli akwai Massimo Piloni, bayansa akwai Luciano Bodini, dukansu ƙwararru ne da za su iya zama na farko a wata ƙungiyar, dukansu kuma ƙuruciyarsu ta ƙare suna kallon bayan mutum ɗaya.

Abin da ya sa tarihin Zoff ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yanayin aikin da ya zaɓa. Ɗan wasan gaba zai ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola kuwa zai tare tara, ta goma ta kufce, ita kaɗai za a riƙa nunawa a talabijin har mako ya zagayo. Duk wanda ya riƙe irin wannan aiki, ko akanta ne, ko likitan da ke sa marar lafiya barci kafin tiyata, ya san cewa ranar da komai ya tafi daidai ba wanda zai tuna da shi. Zoff ya yi shekara ashirin da biyu a cikin wannan hali, kuma yadda ya ɗauki suka, da inda ya ƙi ɗauka, su ne ainihin labarinsa.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairun 1942 a ƙauyen Mariano del Friuli, a arewa maso gabashin Italiya, kusa da iyakar ƙasar da a lokacin ake kira Yugoslabiya. Gidan manoma ne, a yankin da sauran Italiyawa suka san mutanensa da yawan aiki da ƙarancin magana. Yana ɗan shekara goma sha huɗu, Inter da Juventus suka gwada shi, duka biyun suka ce ya yi gajarta. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne kakarsa ta ɗora shi a kan cin ƙwai kullum har ya miƙe ya kai santimita 182. Ko ƙwan ne ko lokacin girmansa ne ya zo, abin da ya tabbata shi ne yaron bai jingina rayuwarsa a kan ƙwallo ba, ya koyi kanikanci yana gyaran motoci, yana kuma tsare wa ƙungiyar ƙauyensu raga.

Udinese, babbar ƙungiyar yankin, ita ta fara ɗaukarsa. Wasansa na farko a Serie A, a watan Satumban 1961, Fiorentina ta zura masa biyar, aka tashi 5-2. A ƙarshen kakar Udinese ta faɗa rukuni na biyu. A 1963 ya koma Mantova, ƙaramar ƙungiya, inda ya yi kaka huɗu, ya faɗi da ita rukuni na biyu, ya kuma dawo da ita. Ba a cika ambaton waɗannan shekaru ba, amma gola a ƙaramar ƙungiya ya fi na babba samun aiki, domin ƙwallo ba ta barin ƙofarsa. A nan ya goge.

Napoli ta saye shi a 1967. Da wuya a samu wuri da mutum da suka saɓa kamar waɗannan biyun: birnin kudu mai hayaniya, inda 'yan kallo ke son ɗan wasa mai burgewa irin Omar Sívori da José Altafini, da kuma ɗan ƙauyen arewa da sai an ja bakinsa kafin ya furta jimla. Amma jininsu ya haɗu. A kakarsa ta farko Napoli ta zo ta biyu a gasar, kuma a filin wannan birni ne ya fara tsare wa Italiya raga, a watan Afrilun 1968, aka doke Bulgeriya 2-0 a gasar cin kofin ƙasashen Turai. A filin dai aka buga wasan kusa da na ƙarshe da Tarayyar Sobiyet, aka yi minti 120 ba ci. A lokacin ba a fara raba gardama da bugun fenariti ba, sai aka jefa kwabo, Italiya ta dace. Wasan ƙarshe da Yugoslabiya aka yi 1-1, aka sake bugawa bayan kwana biyu a birnin Rum, Italiya ta ci 2-0. Zoff ya zama zakaran Turai da wasanni huɗu kacal a rigar ƙasarsa.

Shi ma ya ɗanɗani benci. A gasar kofin duniya ta 1970 a Meziko, Enrico Albertosi aka fifita a kansa, gola mai tashi sama da nutso irin na ɗaukar hoto. Zoff ya zauna ya kalli komai, har da 4-1 da Birazil ta yi musu a wasan ƙarshe. Mai yiwuwa wannan zama yana cikin abin da ya sa daga baya bai taɓa sakin rigar ba da son ransa.

Salonsa kishiyar na Albertosi ne. Zoff ya yi imani cewa golan da ke yawan yin nutso, sau da yawa tun farko bai tsaya inda ya kamata ba. Ƙarfinsa a tsayuwa yake: ya karanta inda ƙwallo za ta bi, ya matsa taku biyu kafin a buga, ta zo ta same shi a ƙirji kamar an miƙa masa. Ya fi son ya cafke ƙwallo a kan ya ture ta, domin wadda aka ture tana iya dawowa. Irin wannan gwaninta tana da wata illa ga mai ita, ita ce tana sa aiki mai wuya ya yi kama da mai sauƙi, sai ɗan kallo ya tashi yana cewa yau gola bai yi komai ba.

Yana da shekara talatin, Juventus, wadda ta kore shi yana yaro, ta dawo ta saye shi. Ƙungiyar iyalan Agnelli ce, masu kamfanin motoci na Fiat, kuma ana gudanar da ita kamar masana'anta: a zo a kan lokaci, a yi aiki, a rage surutu. Tsohon kanike ya samu wurin da ya dace da shi. A kakarsa ta farko ya yi minti 903 ba a saka masa ƙwallo a gasar ba, bajintar da ta yi shekara ashirin da ɗaya kafin Sebastiano Rossi na Milan ya wuce ta. Ya ci kofin Serie A sau shida, a 1973, 1975, 1977, 1978, 1981 da 1982. Na 1977 ya fi sauran armashi, domin Juventus ta haɗa maki 51 cikin 60, maƙwabciyarta Torino ta haɗa 50, a zamanin da nasara maki biyu ce. A shekarar dai suka ɗauki kofin UEFA a hannun Athletic Bilbao, kofin Turai na farko a tarihin ƙungiyar, da 'yan wasa Italiyawa zalla, saboda a lokacin ƙasar ta rufe ƙofar sayen baƙi. Babban kofin Turai ne kawai ya ƙi shi. Sau biyu yana kaiwa wasan ƙarshe, sau biyu ana doke su da ci ɗaya mai ban haushi.

A rigar ƙasa kuwa, daga Satumban 1972 ya kulle ragarsa har tsawon minti 1,142. A cikin wannan tsakani Italiya ta doke Birazil, ta doke Ingila sau biyu, ɗaya a filin Wembley. A 1973 ya zo na biyu a zaɓen gwarzon ɗan wasan Turai, Johan Cruyff kaɗai ya sha gabansa. Wanda ya karya wannan kulle ba daga manyan ƙasashe ya fito ba. A gasar kofin duniya ta 1974, a birnin Munich, Emmanuel Sanon na Haiti ya tsere wa ɗan baya, ya kewaye Zoff, ya tura ƙwallo raga. Italiya ta farfaɗo ta ci 3-1, amma ba ta fita daga rukuninta ba.

Jarrabawa ta gaskiya ta zo a Ajantina a 1978. Italiya ta buga ƙwallo mai kyau, ita kaɗai ce ma ta doke masu masaukin baƙi a gasar. A wasan da zai kai ta zagayen ƙarshe, tana gaban Holan da ci ɗaya, sai Ernie Brandts ya farke daga wajen da'ira, sannan Arie Haan ya sako wata daga nisan da ya haura mita talatin, ta daki turke ta shiga. A wasan neman na uku, Nelinho da Dirceu na Birazil suka maimaita masa irinta. Ƙwallo huɗu, dukansu daga nesa, a kan gola mai shekara 36. Jaridun Italiya suka yanke hukunci cewa tsufa ya zo, idonsa ya daina gani da kyau.

Duk wanda ya sake kallon waɗannan ƙwallaye zai ga hukuncin ya yi tsauri. Ta Nelinho ta taso daga can gefen dama, ta yi kamar za ta fita, ta lanƙwaso ta shiga kusurwa, kuma da wuya a samu golan da zai kai gare ta. Ta Haan ce za a iya yin gardama a kai. Zoff yana da hujjojin kare kansa, amma bai tsaya jera su ba. Shi da kansa yakan ba da labarin wata rana da ya yi wa mahaifinsa uzurin wata ƙwallo da cewa bai zaci ɗan wasan zai buga daga wurin ba, sai tsohon ya tambaye shi ko shi mai sayar da magani ne. Manufar a fili take: wanda aka ajiye a raga, zaton bugu shi ne aikinsa. Mutumin da aka rena da irin wannan magana, sukar jarida a kan aikinsa ba za ta zame masa baƙuwa ba. Ya koma Turin, ya ci gaba da fitowa kowace Lahadi.

Koci Enzo Bearzot, wanda shi ma ɗan Friuli ne, bai saurari masu cewa a canza gola ba. Ya tafi da shi Sifaniya a 1982 a matsayin kyaftin, yana da shekara arba'in. Farkon gasar bai yi daɗi ba: kunnen doki da Folan, da Feru, da Kamaru. Kamaru, wadda Thomas N'Kono ke tsare wa raga, ita ma kunnen doki uku ta yi, maki ɗaya suke da Italiya, kuma abin da ya raba su shi ne Italiya ta ci ƙwallo biyu, Kamaru ta ci ɗaya. Da ƙyar zakarun shekarar suka tsallake rukuni. Jaridu suka yi musu caa, har da tsegumi a kan kuɗin ladan 'yan wasa da rayuwarsu ta sirri. 'Yan wasan suka yanke shawarar daina magana da 'yan jarida, suka wakilta mutum ɗaya ya riƙa magana da yawunsu. Wanda suka zaɓa shi ne Zoff, wato wanda ya fi kowa rowar kalma a tawagar. Ko da gangan suka yi ko dacewa ce, babu horon da ya fi wannan ga ɗan jaridar da ke neman kanun labari.

Ranar 5 ga Yulin 1982, a filin Sarrià na Barselona, suka haɗu da Birazil ta su Zico da Sócrates da Falcão, wadda kowa ya ɗauka kofin nata ne. Kunnen doki ya ishi Birazil, Italiya kuwa dole ta ci. Paolo Rossi, wanda bai daɗe da dawowa daga dakatarwar shekara biyu ba, ya ci uku. Sócrates ya ci Zoff ta ɗan tsukin da ke tsakaninsa da turke, ƙwallon da da a ce an rasa wasan, da ita za a rataya masa. Falcão ya ci ta biyu. Saura kamar minti ɗaya a tashi, ana 3-2, Éder ya ɗago bugun tazara daga hagu, Oscar ya sa mata kai da ƙarfi zuwa ƙasa. Zoff ya faɗi ta hagunsa ya danne ta a kan layi. Da ture ta ya yi, akwai ƙafafun 'yan Birazil a kusa. Da ta ƙara gaba da ɗan taƙi, an gama. Ya cafke ta, kamar yadda ya saba tun yana Mantova, ya miƙe yana kaɗa hannu cewa ba ta shiga ba, don kada alƙali ya ga abin da bai faru ba. Bayan an tashi, mutumin da ba a san shi da nuna abin da ke ransa ba ya je ya sumbaci Bearzot a kumatu, bai ce komai ba.

Sauran ya zo da sauƙi idan aka kwatanta: 2-0 a kan Folan, sannan 3-1 a kan Jamus ta Yamma a Madrid ranar 11 ga Yuli. Zoff ya ɗaga kofin duniya yana da shekara 40 da wata huɗu, kuma har yau ba a samu wanda ya ci kofin yana da shekarunsa ba. Mai zane Renato Guttuso ya zana hannayensa riƙe da kofin, aka buga a kan kan sarki. A jirgin komawa gida an ɗauki hotonsa yana karta tare da shugaban ƙasa Sandro Pertini, suna karawa da Bearzot da Franco Causio, kofin yana ajiye a kan tebur.

Bayan shekara ɗaya ya ajiye safar hannu, kuma ƙarshen bai zo da ado ba. A watan Mayun 1983, a birnin Atina, a wasan ƙarshe na babban kofin Turai, Felix Magath na Hamburg ya ɗaga masa wata daga wajen da'ira ta wuce samansa, shekara goma bayan Ajax ta yi musu irin wannan ci ɗaya. Daga nesa kuma. Bayan kwana huɗu Suwidin ta doke Italiya 2-0, wasansa na 112 kuma na ƙarshe a rigar ƙasa. Ya sanar da ritaya da wasa 570 a Serie A. Juventus tana da sauran wasannin kofin Italiya a watan Yuni, Bodini ne ya tsare su, aka kuma ci kofin.

Ya zama koci, kuma a nan ma an gwada haƙurinsa. Ya riƙe Juventus daga 1988, a 1990 ya ci mata kofin Italiya da na UEFA, alhali ya riga ya san shugabanni sun yanke shawarar kawo wani mai salon wasa na zamani. Wanda ya gaje shi, Gigi Maifredi, ya ƙare a na bakwai, ƙungiyar ta rasa gurbin gasar Turai. Zoff bai yi ƙorafi a bainar jama'a ba, ya wuce Lazio, ya horar da ita kaka huɗu, daga baya ya zama shugabanta.

A 1998 aka ba shi tawagar ƙasa. Gab da gasar Turai ta 2000, golansa na farko, Gianluigi Buffon, ya karye a hannu, sai rigar ta faɗa kan Francesco Toldo. Mataimakin da Zoff bai taɓa ba wa dama ba yana ɗan wasa, ya samu tasa a ƙarƙashinsa yana koci: a wasan kusa da na ƙarshe da Holan a Amstadam, Italiya da mutum goma, Toldo ya tare fenariti ɗaya ana cikin wasa, ya tare biyu a bugun raba gardama. A wasan ƙarshe da Faransa, ranar 2 ga Yuli, Italiya tana gaba da ci ɗaya har cikin mintunan da alƙali ya ƙara, saura daƙiƙu a tashi Sylvain Wiltord ya farke, sannan David Trezeguet ya ci ƙwallon da ta rufe wasan.

Washegari Silvio Berlusconi, mai ƙungiyar Milan kuma jagoran 'yan adawa a lokacin, ya fito gaban 'yan jarida ya caccaki kocin a kan rashin sa wani ya manne wa Zinedine Zidane. Da a nan ya tsaya, da zance ne na dabarar wasa, wanda kowane ɗan kallo ke da hakkin yi. Amma ya yi amfani da kalmar da ke nufin abin da kocin ya yi bai dace da mai mutunci ba, ya kuma yi shaguɓe a kan basirarsa. Mutumin da ya haɗiye zargin makanta a 1978, ya haɗiye sallama bayan kofi biyu a 1990, wannan karon bai haɗiye ba. Ranar 4 ga Yuli ya kira 'yan jarida, ya ce an taɓa shi ne a matsayinsa na mutum, kuma ba zai karɓi darasin mutunci daga Berlusconi ba, ya ajiye aikin. Taron bai ɗauki lokaci ba.

Wasu sun ce ya yi gaggawa, tunda Berlusconi ba shi ne ya ɗauke shi aiki ba, kuma hukumar ƙwallon ƙasar ta nemi ya zauna. Maganarsu tana da kama, domin tawagar da ta kusa cin kofin Turai ta rasa kocinta saboda furucin ɗan siyasa. Sai dai duk wanda ya bi tarihin mutumin zai ga bai saɓa wa kansa ba. Kuskuren aiki ya yarda a ɗora masa, ko da wanda bai yi ba ne, domin haka sana'ar take. Abin da ya wuce aiki ya shiga mutunci, a wurinsa wani lissafi ne dabam.

Trapattoni ne ya gaje shi. Zoff ya sake riƙe Lazio na ɗan lokaci a 2001, sannan a farkon 2005 aka kira shi ya ceto Fiorentina, ƙungiyar da ta zura masa biyar a ranarsa ta farko. Ta tsira daga faɗuwa a wasan ƙarshe na kakar, shi kuma bai sake karɓar wata ƙungiya ba.